Tsakanin mai cewa "babu" da mai cewa "ban sani ba": amsa ga wani ɗalibin likitanci

Wani ɗalibi da ke karatun likitanci ya aiko mini da tambaya. Ya ce abokin zamansa a ɗakin kwanan ɗalibai ya daina salla, da ya tuhume shi da zama mulhidi sai abokin ya ƙi yarda, ya ce shi bai taɓa cewa babu Allah ba, abin da ya ce shi ne bai sani ba, kuma ba ya jin akwai wanda ya sani. Mai tambayar yana son ya ji ko akwai bambanci na gaskiya tsakanin maganganun biyu ko kuwa duk kanwar ja ce, ko Turawa ne suka ƙirƙiro wannan ra'ayi, sannan ko kimiyyar zamani ta riga ta yanke hukunci a kan samuwar Ubangiji.

Ɗana, ni musulmi ne, kuma na daɗe ina koyar da tarihin falsafa, saboda haka zan amsa maka a matsayin wanda ya yi imani, amma zan yi ƙoƙarin faɗin maganar kowane ɓangare yadda masu ita za su yarda cewa maganarsu ce, domin wanda ya rusa hujjar da abokin jayayyarsa bai taɓa kawowa ba bai rusa kome ba.

Bambancin yana nan, kuma babba ne. Ɗauki matafiya huɗu da suka iske tsohuwar rijiya a daji, mai zurfin da ido ba ya hango ƙarshenta. Na farko ya ce akwai ruwa a ciki, na biyu ya ce ta ƙafe. Waɗannan biyun kowannensu ya yi da'awa a kan rijiyar, kuma kowannensu ana iya tambayarsa dalili. Na uku ya ce shi bai sani ba, domin ya jefa tsakuwa ya kasa kunne bai ji abin da ya gamsar da shi ba. Na huɗu ya zarce haka, ya ce babu igiyar da za ta kai guga ƙasan wannan rijiya, don haka babu mahaluƙin da zai taɓa sani. Mumini shi ne na farko, mulhidi shi ne na biyu, na uku da na huɗu kuwa su ne waɗanda ake kira 'yan ban-sani-ba. Ka lura cewa na uku labarin kansa kawai ya bayar, amma na huɗu ya yi da'awa mai nauyi a kan iyakar hankalin ɗan Adam gaba ɗaya, kuma shi ma yana bukatar ya kawo hujja. Daga yadda ka kawo maganar abokinka, ya haɗa na uku da na huɗu a jimla ɗaya, wataƙila ba tare da ya lura ba.

Kalmar agnostik da ake amfani da ita a harsunan Turai sabuwa ce. Wani masanin halittu ɗan Ingila mai suna Thomas Henry Huxley, wanda ya yi fice wajen kare ra'ayin Charles Darwin, shi ne ya ƙirƙiro ta a 1869 daga kalmar Girkanci mai nufin sani, ya sa mata harafin korewa a gaba. Abin da yake nufi da ita hanya ce ta tunani, wato kada mutum ya ce ya tabbatar da abin da ba shi da hujjar da ta isa ta tabbatar da shi. Sunan ne kawai sabo. Tun ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa, wani malamin Girka mai suna Protagoras ya ce game da alloli ba zai iya sanin ko suna nan ko ba sa nan ba, ya kuma ba da dalilai biyu: duhun al'amarin da gajartar rayuwar mutum. Malaman ilimin kalam na musulunci, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali, su ma sun san irin wannan matsayi, suna kiran masu shakka a kan kome da kome la'adriyya, daga kalmar Larabci la adri, wato ban sani ba, kuma da wannan suna ne Larabawan yau suke fassara kalmar Huxley.

Ita kuwa kalmar da ake fassarawa da mulhidi ta daɗe ana jifan mutane da ita ba bisa ma'anarta ba. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, birnin Atina ya yanke wa Socrates hukuncin kisa, kuma daga cikin tuhumar akwai cewa bai yarda da allolin birnin ba, alhali shi yana cewa aikin da yake yi umarni ne na wani abin bauta. Rumawa sun kira Kiristocin farko marasa alloli saboda sun ƙi yin yanka ga gumakan daula. Irin wannan ruɗani yana nan a bakinmu mu ma, domin za ka ji an haɗa arne da mulhidi a kwando ɗaya, alhali Bamaguje bai musanta cewa akwai Allah ba, ya dai ɗauka cewa Yana nesa, sai ya nemi biyan bukatunsa ta hanyar iskoki. A ɗaya ɓangaren kuma akwai addinai irin su Jain na Indiya masu ibada da azumi da tsananin kamun kai, waɗanda ba su yarda da mahaliccin duniya ba. Saboda haka tambayar ko mutum yana da addini daban take da tambayar ko ya yarda akwai Mahalicci.

Game da ko Turawa ne suka kawo inkari, Alƙur'ani da kansa ya amsa. A aya ta 24 ta Suratul Jasiya an ambaci mutanen da suke cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma babu abin da ke halaka mu sai zamani, wato dahr. Daga wannan kalma ne malamai suka samo sunan dahriyya. A Indiya ma tun zamanin dā akwai mazhabar Carvaka, wadda ta ce babu hanyar sani tabbatacciya sai abin da gaɓoɓi suka riska, ta kuma musanta rayuwa bayan mutuwa. A zamanin Abbasiyawa an sami mutane irin su Ibnur Rawandi a ƙarni na tara, da babban likitan nan Abubakar ar-Razi wanda ya rasu wajen shekara ta 925, waɗanda aka ruwaito sun soki annabci. Shi ar-Razi bai musanta Mahalicci ba, bukatar aiko manzanni ce aka ce ya musanta, kuma wannan matsayi ne na daban wanda ya kamata ka riƙe a ranka, don zan komo kansa.

Wanda na fi so ka sani a wannan tarihi shi ne Imam al-Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111. A littafinsa al-Munƙiz minad Dalal ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi da kansa. Ya fara da tuhumar ido, wanda yake nuna masa inuwa a tsaye alhali tana tafiya, yake nuna masa tauraro kamar ƙwandala alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Daga nan ya tambayi kansa, idan hankali ne ya ƙaryata ido, me zai hana a sami wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi? Ya ce ya shafe kusan wata biyu a cikin wannan ciwo, kuma bai fita da tsara hujjoji ba, ya fita ne da wani haske da Allah ya jefa a ƙirjinsa. A littafin dai ya kasa masana falsafa gida uku. Akwai dahriyya masu cewa duniya haka take tun fil azal ba mai yin ta, dabba daga maniyyi, maniyyi daga dabba. Akwai masana ɗabi'a, waɗanda zurfafa bincike a kan sassan jikin dabbobi ya tilasta musu yarda da Mahalicci mai hikima, amma suka ɗauka cewa rai yana ƙarewa da lalacewar jiki, sai suka musanta lahira. Sai na uku, masu zancen Allahntaka irin su Aflaɗon da Aristo. Kai da kake shiga ɗakin fiɗar gawa kana bin jijiya da tsoka, rukuni na biyu ba zai zama baƙo gare ka ba. Abin koyi a wurin al-Gazali shi ne sai da ya karanci falsafa ya bayyana manufofin masu ita dalla-dalla kafin ya rubuta raddinsa, domin a ganinsa raddi kafin fahimta harbi ne a duhu.

Yanzu ga hujjojin kansu. Wadda ta fi yawo a ƙasarmu ita ce ta Imam as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai littafin Ummul Barahin da aka daɗe ana karantarwa a zaurukan malamai. Ya fara da raba hukuncin hankali gida uku, wajibi da mustahili da ja'izi, sannan ya ce duniya fararriya ce, domin jikkuna ba sa rabuwa da halaye masu sauyawa kamar motsi da tsayuwa, abin da kuwa ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne. Idan samuwar abu da rashinsa duk suna yiwuwa daidai wa daida, to rinjayar ɗaya a kan ɗaya ba tare da mai rinjayarwa ba mustahili ne. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi wata hanya da ba ta ma bukatar a ce duniya tana da mafari a lokaci. Ya ce duk abin da muke gani samuwarsa aro ce, domin yana iya kasancewa yana iya rashin kasancewa, kuma ko an jera masu aro har ba iyaka, taronsu gaba ɗaya mai aro ne, don haka dole a tuƙe ga wanda samuwarsa tasa ce, wato wajibul wujudi. A nan ne tambayar "to wa ya yi Allah?" take kuskuren kama hanya, domin hujjar ba ta ce kowane abu yana da sababi ba, ta ce abin da zai iya rashin kasancewa ne yake bukatar sababi.

Masu inkari suna da amsa, kuma bai kamata a ɓoye maka ita ba. A 1948 gidan rediyon BBC ya haɗa masanin falsafa Bertrand Russell da wani limamin Katolika mai suna Frederick Copleston a muhawara. Russell ya ce don kowane mutum yana da uwa, wannan bai nuna cewa jinsin ɗan Adam a dunƙule yana da uwa ba, haka nan don kowane abu a cikin duniya yana da sababi, bai zama dole ita duniyar a dunƙule ta kasance da sababi ba, tana nan ne kawai, shi ke nan. Maganar ba ta da tufka da warwara ta fuskar mandiƙi, wato ilimin tsara hujja. Abin da ya hana ta gamsar da ni shi ne, likitan da bai taɓa yarda a ce masa zazzaɓin majinyaci "yana nan ne kawai" ba, wanda duk aikinsa ya ginu a kan cewa abubuwa suna da dalili, shi ne ake so ya ajiye wannan ƙa'ida daidai lokacin da aka iso tambayar da ta fi kowace girma. Ina ganin wannan hujja ta Ibn Sina ita ce mafi ƙarfi a hannun mumini.

Hujjar tsari, wadda malamanmu suke kawowa da zancen Balaraben ƙauye cewa kashin raƙumi yana nuna raƙumi, sawu kuma yana nuna mai tafiya, tana da daɗin ji kuma tana shiga zuciya. William Paley ya kawo irinta a 1802 da misalin agogon da aka tsinta a fili. Sai dai masanin falsafa David Hume ya riga ya soke ta a littafin da aka buga a 1779 bayan rasuwarsa, inda ya nuna cewa mun san agogo yana da maƙeri ne domin mun ga ana ƙera agoguna, alhali ba mu taɓa ganin ana yin duniyoyi ba. Sannan a 1859 Darwin ya kawo bayanin yadda tsari a jikin halittu zai iya taruwa sannu a hankali ta hanyar gado da bambanci da zaɓin yanayi. Wannan bai kore Mahalicci ba, amma ya rage ƙarfin hujjar a matsayin abin da zai tilasta wa mai musu, shi ya sa muhawarar ta koma kan dalilin da ya sa dokokin halitta kansu suke da daidaiton da ya ba rayuwa damar samuwa.

Hujjar masu inkari da ta fi nauyi ita ce ta wahala. Ranar 1 ga Nuwamba, 1755, girgizar ƙasa ta rusa birnin Lisbon da safiyar wani babban idin Kirista, lokacin da majami'u suke cike, dubun dubatar mutane suka mutu, kuma wannan ya girgiza tunanin Turai matuƙa. A 1979 masanin falsafa William Rowe ya kawo misalin ɗan barewa da gobarar daji ta ƙona, ya kwana da kwanaki yana fama kafin ya mutu, ba wanda ya gani balle ya ɗauki darasi, ya tambaya wace hikima ce ke cikin wannan. Na taɓa zuwa ta'aziyya gidan wani tsohon ɗalibina da 'yarsa ta rasu bayan shekaru tana fama da ciwon sikila. Da mutane suka watse muka saura mu biyu a kan tabarma, takalmanta ƙanana suna nan a bakin ƙofa ba a kawar ba, sai ya dube su ya ce mini, "Malam, me ta yi?" Duk abin da na karanta game da jarrabawa da 'yancin zaɓi da sakamakon lahira yana cikin kaina, kuma na yi imani da shi, amma na san a wannan daren ba darasi yake nema ba, sai na zauna tare da shi har aka kira isha'i muka tashi tare. Tun daga ranar na fahimci cewa shakka da yawa daga rauni take fitowa kafin ta nemi littafi. Ka lura kuma cewa amsar mumini a nan, wadda ƙissar Annabi Musa da bawan Allah a Suratul Kahfi take koyarwa, ita ce akwai hikimar da iliminmu bai kewaye ta ba. Ke nan mumini ma yana da nasa "ban sani ba", sai dai shi rashin saninsa a kan hikima yake, yana tsaye a kan yarda da Mai hikimar.

Game da kimiyya, amsar a taƙaice ita ce ba ta yanke hukunci ba, kuma kayan aikinta ba su kai can ba, domin aikinta auna yadda abu yake haifar da abu a cikin halitta, tambayar kuwa ita ce me ya sa akwai halittar tun farko. Georges Lemaître, ɗan ƙasar Beljiyam, limamin Katolika ne kuma masanin lissafi, shi ne a 1927 ya nuna cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa ya faro daga wani dunƙule guda. A yau ana ƙiyasta shekarun wannan faɗaɗa da kusan biliyan 13.8. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna cewa wannan bincike ya gaskata halitta, Lemaître bai ji daɗi ba, domin a ganinsa bai kamata a rataya imani a kan ra'ayin kimiyya da gobe zai iya sauyawa ba. Al-Gazali ya yi gargaɗi ta ɗaya fuskar, inda ya ce jahilin masoyin addini da ke musanta lissafin husufin rana da wata da sunan kare musulunci ya fi cutar da shi, domin wanda ya san lissafin tabbas ne zai zargi addinin maimakon ya zargi lissafin.

Dole kuma in gaya maka iyakar hujjojin hankali. Ko da sun yi nasara, abin da suke kai mutum gare shi shi ne Mafarin samuwa guda ɗaya, ba su kai shi ga salla biyar ko wahayi ba, wannan wani zango ne mai nasa hujjojin. Matsayin da aka jingina wa ar-Razi ke nan, kuma irinsa ne Antony Flew, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana cikin manyan masu kare ilhadi a Ingila, ya koma a 2004, lokacin da ya ce ya yarda akwai Mahalicci amma bai karɓi wani addini ba.

Matafiyi na huɗu, mai cewa ba wanda zai iya sani, yana yawan jingina da masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, wanda a 1781 ya ce hankali tsantsa ba ya iya tabbatar da samuwar Allah kuma ba ya iya kore ta. Amma Kant bai tsaya nan ba, ya ce ɗabi'a da sanin ya kamata suna bukatar a ƙaddara samuwarsa. Matsalar da nake gani a wannan matsayi ita ce, kafin mutum ya ce ba igiyar da za ta kai ƙasan rijiya, sai ya san zurfin rijiyar, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ya ce ba a iya sani. Matafiyi na uku ba shi da wannan matsala, matsayinsa na gaskiya ne idan har yana ci gaba da nema, kuma mu mabiya Imam Malik mun san darajar "ban sani ba", domin an ruwaito yana yawan amsa tambayoyi da ita. Sai dai ƙishirwa ba ta jira. Mutum yana iya jingine hukunci a cikin kansa, amma idan asuba ta yi ko dai ya tashi ko ya ci gaba da barci, don haka a aikace yana rayuwa ne a ɗayan ɓangarorin biyu. Makahon mawaƙin nan na Sham, Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057 kuma shi kansa an tuhume shi da shakka, ya ce wa masu musanta tashin matattu idan maganarsu ce gaskiya bai yi asarar kome ba, idan kuwa tasa ce gaskiya asarar tasu ce. Blaise Pascal na Faransa ya zo da irin wannan lissafi bayan shekaru ɗari shida. Wannan ba hujja ce ta samuwar Allah ba, tunatarwa ce cewa tambayar ta fi ƙarfin a ajiye ta a gefe.

Game da abokinka, ina ba ka shawara kada ka yi gaggawar laƙaba masa suna ko yaɗa maganarsa, domin a ƙasarmu irin wannan magana tana iya jefa rayuwar mutum cikin haɗari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce da dama yana yaƙar masu kafirta talakawa don ba su iya tsara hujjojin kalam ba, kuma a cikin Sahihu Muslim sahabbai sun kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙarar abin da suke ji a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Idan kun keɓe, ka tambaye shi wane matafiyi ne shi, na uku ko na huɗu. Idan ya ce na uku, ka tambaye shi wace irin hujja ce idan ya gan ta zai karɓa, kuma ko yana neman irin wannan hujjar a sauran abubuwan da ya yarda da su, kamar cewa zalunci mugun abu ne. Sannan ka tambaye shi yaushe abin ya fara da abin da ya same shi a wannan lokacin, ka bar shi ya gama ba da amsar kafin ka buɗe bakinka.